Na Gano Mai Cushe Miki Intanet

Injiniyata,

An kira ni ɗaukar hoto, ba zan iya jira ki dawo daga kai yara makaranta ba.

Kin san jinkirin nan, in kina aiki da kwamfutar ofis daga gida, ki danna abu sai kin kurɓi shayi kafin allo ya amsa? Na gano mai laifi, kuma mijinki ne. Ashe sati guda ke nan kwamfutata tana tura bidiyon kwastomomi ban sani ba, ita ta cushe hanya. Na kashe ta.

Na jawo shuɗin kebul daga na'urar intanet zuwa teburinki. Na gwada, kibiyar kan allo tana bin hannu nan take. Kada ki cire shi sai kin gama nuna wa manyanki zanen ginin da ƙarfe goma.

Bawan Allahn nan mai gyaran kwamfutocin ofis da kika wanke tas jiya a waya, ki ba shi haƙuri. Don Allah kada sunana ya fito.

Nawa faɗan ki ajiye mini, zan dawo da yamma in karɓa.

Mai hotonki