Hajiya Ba Ta Hita

Litinin, 4 ga Maris 2019

An ɗaure Hajiya. Motar kashe gobara guda da muke taƙama da ita duk Malanville, wai kar ta sake taka ƙohwar bariki. Shugabanmu, Ajidan Oumarou, ya tara mu da sahe, ya ce kamhwanin da ya ƙera ta ya aiko sanarwa: bulon, wato ƙusoshin da ke riƙe da rasor (sifirin) na baya, suna kwancewa da kansu, in sunka saki mota na cikin gudu tana iya kihewa. Kowa ya cire hannunshi, sai makanikinsu ya zo daga Paraku da sabbi.

Na ce yaushe zai zo? Ya ce in ya zo zan gan shi.

Ni ke tuƙa ta tun ranar da anka kawo ta, ni na sa mata sunan ma. Yau an karɓe mini makulli awa wanda ya yi sata.

Talata, 5 ga Maris

Na shiga ƙarƙashinta na ƙwanƙwasa. Gaskiya ce, biyu na gehen dama suna motsi. To sai mi? Kwancewar ƙusa cuta ce? Kahin in sa kakin pompiye, masu kashe gobara, na yi karen mota hannun Baba Arzika, muna ɗibar albasa zuwa Kwatano. In rasor ya yi ƙara, kile za ka sa, wato sifana, ka zura mishi dogon bututu, ka hau kai da ƙahwa har ƙarhe ya yi kuka. Duk tasharmu haka ake yi, kuma ga mu da ranmu.

Na hwaɗa ma Ajidan. Ko ɗaga kai bai yi ba. "Halliru, an ce kar a taɓa."

Laraba, 6 ga Maris

Zahi ya shigo da ƙarhinshi. Ciyawa ta bushe ƙayau, masu mai na kwalba jere bakin titi, ga kasuwa jibi. Na kasa zama wuri guda. Na wanke Hajiya, na sake wanke ta. Khalidu, wanda ke riƙe mesar ruwa, shina mini dariya wai amarya ce ba a kai ta ɗaki ba. Shi mi ya dame shi, matarshi ta haihu jiya, bakinshi bai ruhuwa.

Mutanen garinmu ba su san lambar pompiye ba, ni sunka sani. In wuta ta tashi, moto ake hawa, wato babur, a zo a ce ina Halliru ɗan Sodangi. Ranar da za su zo, mi zan ce musu? In ce takarda ta hana?

Alhamis, 7 ga Maris

Na yi abin da na yi. Ajidan ya tahi wajen maigirma mer, magajin gari, da hantsi, na ɗauko bututun da Baba Arzika ya ba ni ranar da na bar hannunshi, na ɗaure bulon ɗin Hajiya duka. Na hau, na danna, sai da kowane ya yi kukan nan da na sani. Yanzu ko giwa ta ja ba su motsi.

Raina ya yi sanyi kaɗan. Da na ba matata Rauda labari a gida, ta ce, "Malam, in sun ce a bari ba sai a bari ba?" Na ce ta tsaya ga tukunyarta. Ban kyauta ba, amma na riga na hwaɗa.

Juma'a, 8 ga Maris

Kasuwa ta ci lahiya. Duk hayaƙin mai tsire sai gabana ya hwaɗi.

Asabar, 9 ga Maris

Dole sai na rubuta.

Bayan azahar wani mutum ya shigo bariki bisa moto, ko hula babu. Wuta a Madekali, gidan Kawu Sha'ibu, ƙanen innata. Ta kama dangar kara tana bin rumbuna. Kawu ne ya ce mishi je ka kira ɗana.

Na san inda Ajidan ke rataye makulli. Ban san lokacin da na tada Hajiya ba. Tanki cike, Khalidu da sauran sun riga sun haye baya. Sai ga Ajidan ya zo ya tsaya gaban mota, hannu a baya. Na leƙo na ce na ɗaure su, wallahi na ɗaure su da hannuna tun shekaranjiya. Ya dube ni, ya daɗe shina dubana. Ya ce, "Ka taɓa ke nan." Sannan ya ce in ina son hita sai dai in bi ta kanshi.

Ƙahwata na bisa totur. Allah ya sani na yi tunanin in matsa kaɗan ya kauce.

Na kashe mota. Munka ɗora ƙaramin injin jan ruwa bayan ƙaramar mota, munka tahi. Kahin a samu rijiya mai ruwa a haɗa mesa, rumbunan Kawu sun zama toka. Gero, dawa, shinkahwar bana, duka. Ba a rasa rai ba. Gidan maƙwabta munka tsare.

Na durƙusa na ce, "Kawu, sannu, Allah shi maida alheri." Ya ce, "Ina babbar motar?" Na hwara bayani, ya juya ya bar ni durƙushe.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban ci komi ba. Da Hajiya ta je, da na tsare ko rumbu guda. Na tabbata. Ajidan ba danginshi ba ne, shi ya sa.

Talata, 12 ga Maris

Sunan ɗiyar Khalidu, Halimatussa'adiya. Na je don dole. Wani daga bayan rumhwa ya ce ga direban motar ado. Na yi awa ban ji ba.

Ajidan bai rubuta rahoto kaina ba, bai kuma yi mini magana ba. Da ya zage ni da ya hi mini sauƙi.

Alhamis, 14 ga Maris

Makanikin Paraku ya zo. Na tsaya kanshi don in ga yadda zai sha wuya da ɗaurina. Na ɗaya ya ba shi aiki, na ji daɗi. Na biyu, na gehen dama, ya ɗora kile ke nan, ko ƙarhi bai sa ba, ya ɓalle ƙas. Kan ya hwaɗo cikin ƙasa.

Ya ɗauka ya nuna mini. Wuyan ya miƙe ya sirance, awa alewar da anka ja. Ya ce ƙarhen waɗanga bulon ɗin ne bai da kyau, shi ya sa kamhwani ke karɓe su. In sun kwance ka matse su da ƙarhi, ka gama da su. Ya tambaya wa ya hau su da bututu. Ajidan ya ce, "Ci gaba da aikinka."

Na uku ma ya ɓalle.

Na san hanyar Madekali awa tahin hannuna. Na san gangaren nan mai rami kahin a shiga gari, na san gudun da zan shige shi da shi ran Asabar. Khalidu bisa tayar dama yake zama kullum, wai nan iska ta hi.

Na hita bayan bariki na zauna. Ba komi, rana ce ta yi mini yawa.

Juma'a, 15 ga Maris

An saki Hajiya. Ajidan ya miƙo mini makulli da kanshi, ya ce in zaga da ita zuwa Gene in dawo. Shiru take tahiya, ko ƙis.

Guntun bulon ɗin na cikin aljihuna. Na so in kai ma Kawu ya gani, sai na tuna ba a tuƙa tuwo da shi. Rauda ta ce mu raba geronmu biyu. Gobe zan kai, ko ya amsa gaisuwa ko kar ya amsa.

Lahadi, 17 ga Maris

Kawu ya karɓi geron, bai ce mini zauna ba. Ya dai ce in gaida Rauda.

Na biya tasha wajen Baba Arzika. Na iske shi bisa bututu shina danna rasor ɗin wata motar albasa, ƙarhe na kuka. Da can daɗin wanga kuka nake ji. Na ce ina da uzuri, na wuce.

Rumhwar Rauda ta daɗe da karkacewa, tana ta mita. Yau na tokare mata ita da bututuna, na haƙa rami na binne gindin sosai. Tsawon ne ya yi daidai, shi ke nan. Khalidu ya biyo da jaririya a nuna mana, ya miƙo mini ita. Na riƙe ta kaɗan na maida mishi.