An Auna Ruwan Kaka da Rani

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya amince da rahoton muhalli na aikin fankokin lantarki a Dutsen Kurciya.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ran Litinin ta farko bayan sabuwar shekara, yau shekara uku ke nan, wata farar mota ta tsaya a gindin dutsen ƙauyenmu, kan hanyar Kafanchan zuwa Gwantu. Masu binciken muhalli ne, sun zo duba inda za a kafa manyan fankokin da iska ke juyawa su ba da wuta. Tun ranar nake haɗiye maganar idon ruwanmu, wanda muke kira Ruwan Kaka. Yau zan faɗe ta a bainar jama'a.

Sunana Ishaku, tsohon malamin labarin ƙasa. Na fito jami'a da sakamakon da aka ce zai kai ni ƙasar waje. Sakandaren ƙauye ya kai ni, na shekara talatin da ɗaya ina cin alli.

Na ɗaya. Wanda kamfanin da zai kafa fankokin ya ɗauko ya rubuta rahoton, Dokta Bitrus, ɗalibina ne. Ni na koya masa karanta taswira, lokacin yana zana kogi yana hawa tudu. Ba zan ɓoye maka ba, ina ƙyashinsa. Ina ƙyashin motarsa, da Turancinsa, da yadda kuka miƙe tsaye da ya shigo ofishinku. Ni dattijon coci ne, na san zunubi ne, na kuma sha kai shi gaban Ubangiji. Amma ƙyashina bai mai da gaskiya ƙarya ba.

Na biyu. A falona Bitrus ya zauna ya ba ni labarin aikin da ya yi a Turai, inda ake kafa irin fankokin nan a tsakiyar teku. Ya ce kafin a ba da izini sai da suka shekara biyu suna fita cikin jirgin ruwa kowane wata suna ƙirga tsuntsaye. Sun saurari motsin kifi a ƙarƙashin ruwa, sun kira masunta taro bayan taro, har an gusar da wata fanka saboda a wurin wani tsuntsu yake kamun kifi. Ya nuna mini hotonsa a waya, wani fari mai dogon baki. Ranka ya daɗe, har tsuntsun nan na yi ƙyashi. Shi an ba shi shekara biyu. Mu da muke da baki da katin zaɓe, kwana huɗu aka ba mu.

Na uku, kuma nan ne ainihin ƙorafina. Kwana huɗun nan a tsakiyar rani suka faɗo, bayan an ƙone ciyawa. Da rani Ruwan Kaka ba ya fitowa sarari, ƙarƙashin yashi yake bi. Matanmu kan tona rami kamar kamu ɗaya da sakaina, su ɗiba, sa'an nan su rufe da faffaɗan dutse don kada shanu su tattake. Baƙo dutse kawai zai gani. Bitrus a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ya tashi, ruwan famfo ya sha, bai san a ɗaga dutsen ba, bai kuma tambayi mace ko ɗaya ba. Ya rubuta cewa kwarin da ruwan ke bi busasshe ne, ba mai amfani da shi.

Na kai masa littattafaina goma sha ɗaya, inda nake rubuta zurfin ruwan kowace Asabar tun ina koyarwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shafi uku, ya mayar mini. Ya ce hotunan tauraron ɗan'adam sun wadatar, in je in huta.

Na huɗu. Taron jin ra'ayin jama'a ran Lahadi aka sa shi, ƙarfe goma na safe, muna cikin sujada. Kafin a tashi daga coci an kwashe kujeru. Waɗanda suka sa hannu a takardar halarta 'yan acaɓa ne daga mararraba. Daga baya na hau mota na je inda aka ajiye rahoton, na karanta shi tun daga bango har bango, na rubuta muku shafi huɗu da hannuna. Ko shaidar an karɓa ban samu ba. Kun ba da izini, gireda ta zo ta yanka hanya ta tsakiyar kwarin, aka cike shi da jan marmara ba kwalbati. Har yau ba a kawo fanka ko ɗaya ba, sai wani dogon ƙarfe na auna iska.

Ba na ƙin wuta. Ni ma da fitilar waya nake karanta Littafi Mai Tsarki. Roƙona shi ne ka aiko a sake duba kwarin, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani, matan da ke ɗibar ruwa su ne ja-gora. A tone hanyar a sa kwalbati, ko Allah zai sa jijiyar ruwan ba ta mutu ba. A karɓi littattafaina a haɗa da rahoton. Da farko na so in ce ba sai an sa sunana ba, amma ƙarya zan yi. A sa shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka hikimar riƙe wannan kujera, ya kiyaye ka daga sa hannu a kan abin da ba ka gani ba.

Damina biyu ke nan Ruwan Kaka bai kawo ba. A tafkin da ke ƙasansa aka yi wa mahaifina baftisma, da ni, da 'ya'yana. Jikata Rifkatu an yi mata tata ran Ista da ta wuce, a cikin tankin roba, da ruwan da motar tanka ta kawo daga Kafanchan.

Wassalam.

Malam Ishaku,
daga gindin Dutsen Kurciya.