Katin da Ke Cewa Tsaya

Zuwa ga ƙanena Lawal, duk inda wannan takarda ta same ka a Ingila.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin can bai daskarar maka da hannun rubutu ba. Mu nan lafiya, kasuwar yadi tana nan yadda ka bar ta.

Ka tuna hutun da ka zo daga Zariya da damin katuna masu huji, ɗaure da roba? Ka ce umarni ne na kwamfuta, kuma layi ake bi kafin a samu injin, dole a tace kuskure tun daga gida. Ka zaunar da ni bayan rumfa, ka ce ni ne injin. Kai kana karanta umarni, ni ina aikatawa, da wake cikin gwangwani a madadin lambobi.

Ranar farko na ɓata maka aiki. Duk inda ka yi kuskure sai in gyara shiru, yadda nake gane bukatar mai saye kafin ya buɗe baki. Ka ce, "Yaya, ajiye wayonka. Injin ba ya zato, abin da aka ce masa yake yi."

Na ajiye. Muka gwada da wake mai yawa, muka gwada da kaɗan, duk daidai. Sai ka juye gwangwanin. Umarnin ya ce in duba, in babu komai in sake dubawa. Na duba, na sake, na sake, har wata mata daga Izom ta gaji da sallama ta wuce rumfar maƙwabci. Kana ta dariya har da hawaye. Ashe ka manta katin da ke cewa tsaya.

Lawal, tun rasuwar Inna ban ga rubutunka ba. Mutane suna tambaya, ni kuwa baki bai taɓa yi mini wuya ba. Na ce musu an ɗauke sunan garinmu an ba sabon birni, yanzu mu Suleja ne, wasiƙunka suna can daji suna neman Abuja. Sun yarda. Na sha sayar da yadi da zancen da bai kai wannan daɗi ba.

Amma kullum da hantsi ina gidan waya. In buɗe akwati, babu komai, in koma rumfa, gobe in dawo. Ma'aikacin ma ya daina ɗaga kai.

Ba zan gyara shirunka da zato ba, ka hana ni. In kana tafe, faɗa mini. In ka zauna ke nan, faɗa mini, zan iya ɗauka. Ka dai aiko katin.

Allah ya ji ƙan Inna, ya tsare ka inda idona bai kai ba, ya sa da rabon mu gana.

Yayanka,
Garba mai yadi, Suleja