Goron Surukar Malam Iro

Daren Laraba, Mairuwa.

Yau na huce. Tun damina Malam Iro ke cika mana majalisa wai 'yar fim ɗin da ɗanshi Habu ke yi wa direba a Kano ta mutu a kan yaron, aure kawai ya rage. Hujjarshi hoto ne cikin wayar jikanshi, ita tana kujerar baya, Habu na washe baki. Na ce, "Malam, wane dattijo ka tura tambaya? Ina goro?" Gaban mutane ya ce wanda bai taka makaranta ba me ya sani, ai duk duniya ta gani. Har zaurenshi ya shafe da farar ƙasa, wai shirin biki.

Yau Ɗanjuma mai mota, wanda ya ci shinkafar bikinta da hannunshi, ya ce wani Alhaji ta aura, kuma Habu ne ya tuƙa amarya gidan miji.

Bayan la'asar na sayi goro na miƙa mashi gaban kowa. Na ce, "Ga na bikin surukarka." Ya karɓa. Magariba bai fito masallaci ba.

Liman ya ce in je in ba shi haƙuri. Zan je gobe, in yaba mashi kyan zauren.