Ƙwaryarki Ta Hau Dandamali a Handsworth, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna Hajjo.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ki yi mini izini in fara da masu leƙen wasiƙar nan. Ku masu karatu, a cikinku wa ya taɓa cashewa da kiɗan ƙwarya a gidan biki, sannan da aka tashi ya yarda 'yarsa ta koyi sana'ar mai kiɗan? Ku riƙe amsarku, zan dawo kanku.

Inna, ranar Asabar da ta wuce ƙwaryarki ta hau dandamali a Birmingham. Babbar nan ta ruwa, wadda kike kifawa a baho. An haska mata fitila, mutane sun yanki tikiti, sun zauna a kujeru sun yi tsit domin su saurare ta. Kin san ba ni da haƙuri, shi ya sa na fara da ƙarshen labarin. Yanzu ga yadda aka yi.

Ranar da zan taho Manchester aikin kula da tsofaffi, Gwaggo Tabawa, babbar 'yar amshinki, ita ta naɗe mini ƙwaryar a tsohon zaninki. Ta ce, “Tafi da ita, a nan ɓeraye ne za su gaje ta.” Ƙwaryar ta daɗe a saman durowa a flat ɗina, ɗakin hayata a unguwar Longsight, ina kallonta tana kallona.

Kin tuna yadda na watsar da boko a tsakiyar sakandare, kika yi ta kuka? To laburaren unguwarmu ya rama miki. Duk ranar da ba ni da aiki can nake wuni. Na karanta wasannin kwaikwayo na ƙasashe iri-iri, kowa ya ɗora makaɗansa da mawaƙansa a kan dandamali yana tinƙaho da su. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne ke a tsakar gidan mutane, kusa da makwarara, kina jira a gama rabon abinci kafin a ce ki fara. Haushi ya sa na rubuta wasa a kan mace mai kiɗan ƙwarya da 'yan amshinta.

Na kai maganar taron 'yan Arewa na bayan Sallah, na ce ina neman 'yan mata da za su fito a wasan. Dakta Bilkisu, likitar tiyata da ke zaune a Birmingham, ta gyara zaman gilashinta ta ce, “Malam Nafi'u, with all due respect, ba mu ƙetaro teku don 'ya'yanmu su zama zabiyoyi ba.” Na ce, “Ranki ya daɗe, ranar bikinki wa ya yi miki kiɗa, injiniya?” Wasu suka yi dariya a hannun riga, wani dattijo ya ce ba ni da tarbiyya. Ki yafe mini, Inna, tarbiyyar kin ba ni, bakin ne ya ƙi ɗauka.

Duk da haka 'yan mata sun zo, ɗaliban jami'a da ke zaune a unguwar Hulme. Wadda ta fi kowa naci a cikinsu kuwa Hanan ce, 'yar Dakta Bilkisu ta cikinta, da Hausarta mai karin harshen Birmingham. Wata cibiyar unguwa ta ba mu ɗakin gwaji, council, wato ƙaramar hukuma, ke ɗaukar nauyinsa. Matar da ke kula da wurin ba ta tambaye ni takardar makaranta ba, ba ta tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Me kuke buƙata, shi ne kawai tambayarta.

Ni namiji ne, ban taɓa riƙe sandar kiɗanki ba, kunne kawai na gada. Saboda haka Gwaggo Tabawa ce malama. Mukan jingina waya a jikin kujera, ita tana Kano tana kallonmu tana tsawa: “Ke mai gilashi, ba tuwo kike tuƙawa ba, saki hannunki!” Hanan ta sha faɗa har ta iya.

Ana saura 'yan kwanaki wasa, muka tashi daga gwaji, na ruga don kada in makara aiki. Hanan ta ciro ƙwaryar daga ruwa tana ɗiga. Yaran ƙasar nan kuwa duk abin da ya jiƙe, safa ce ko tawul, kan hita, na'urar ɗumama ɗaki, suke ɗorawa, haka suka taso. Ta ɗora ta a kan hita don ta kyauta mini. Washegari na tarar da ita ta tsage daga baki har kusa da cibiya.

Muryarki na fara ji: “Ku ɗauke mini ita daga rana, a inuwa ake shanya ta!” Wa zai ce a garin da rana ke rowar fitowa zafi ne zai fasa ta? Na faɗa wa yarinyar nan maganganun da ba zan maimaita miki ba.

Mun gwada roba, mun gwada kwano. Na bi shagunan Stockport Road, ƙoren da na samu na ado ne, marasa kauri, na ratayewa a bango. Gwaggo ta saurara ta ce, “Wannan kiɗa ne ko wanke-wanke?” Ga zaure an kama a unguwar Handsworth ta Birmingham, ga mutane sun yanki tikiti, ga waɗanda suka zuba ido su ga ɗan zabiya ya kunyata. Ba kunyata ta dame ni ba. Sunanki ne a jikin takardar talla.

Sai ga Dakta Bilkisu a ƙofar flat ɗina, ta biyo jirgin ƙasa takanas. Ta ce 'yarta ta ƙi cin abinci, in faɗi inda ake sayar da wata. Na ce mata ba a sayar da uwata a ko'ina. Na ɗauka za ta juya. Sai ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar, ta ɗaga ta saitin taga, tana bin tsagar da yatsa. Can ta ce kakarta a ƙauye tana ɗinke ƙwarya, ita ce ma mai riƙe mata zare. Ta naɗe ta a zaninki ta tafi da ita.

Da ta dawo da ita, Inna, ga abin da na gani. Ƙananan huji a jere gefe da gefe, zare mai ƙarfi ya kama bakin tsagar tsam, an bi da kakin zuma an toshe. Ta ce, “Na ɗinke mutane da yawa, ban taɓa yin ɗinki da taka-tsantsan irin na wannan ba.” Na karɓe ta da hannu biyu.

Zaure ya cika da la'asar. Likitoci, akantoci, 'ya'yansu, maƙwabta 'yan Karebiyan da 'yan Pakistan da suka ga talla suka shigo. Hanan ta kifa ƙwaryar a ruwa ta sauke sanda. Sautin ya fito da zurfinsa, amma da wata 'yar dishewa da ba shi da ita a da. 'Yan amshi suka karɓa. Ba a je ko'ina ba wata guɗa ta tsaga zauren daga layin gaba, na duba, Dakta ce, ta riƙe hanci tana rangaɗawa, gilashi ya karkace. Mata suka bar kujeru suka hau dandamali da rawa. Mai kula da zauren ya rugo wurina a tsorace yana tambaya ko rikici ne. Na ce masa a'a, haka muke tafi.

Gwaggo Tabawa tana kallo ta waya. Da aka tashi ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Nafi'u, wannan dishewar ai muryar Hajjo ce da ta manyanta.” Na shiga bayan labule na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Mun yi nasara, Inna, kuma ba zan yi tawali'un ƙarya ba. Manchester ma sun ce mu kawo musu. Iyayen da suka hana 'ya'yansu yanzu su ke kirana.

Amma ga abin da ya hana ni yin shiru. Me ya sa sai a ƙasar wasu? Ɗaki mai rufi, fitila, mai gyara sauti, da mutumin da zai ce me kuke buƙata: iyakar abin da aka ba mu ke nan, kuma da shi muka tayar da zaure. Ke kin ƙare rayuwarki ba ki samu ko ɗaya ba. Zauren wasan da ke garinmu, wanda kike nuna mini in mun wuce a mota, yanzu sai mai ɗaurin aure ke iya kama shi. Ana kwasar makaɗa a jera su a rana su tarbi manyan baƙi, ana gama ɗaukar hoto a sallame su. Ba makarantar da ke koyar da hannunki. Ba wanda ya zauna da 'yan amshinki ya naɗi abin da ke kansu, ga shi suna ta bin ki ɗaya bayan ɗaya.

Na ce zan dawo kanku, masu karatu. Amsar Dakta Bilkisu na gan ta da idona, da zare da kaki ta ba da ita. Saura ku.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi kamar inuwar da kike nema wa ƙwaryarki. Ya gafarta miki, ya haɗa mu a Aljanna. Ƙwaryar tana nan lafiya, Hanan ta ɗinka mata jaka, kuma duk wanda ya doshi hita da ita, da Hanan zai yi, ba da ni ba.

Ɗanki mai bakin nan,
Nafi'u, daga Longsight.

Ku kuma da aka damƙa wa harkar wasanni da al'adu a gida, Gwaggo Tabawa ta ba ni saƙo. Ta ce ta koyar da yaran Ingila ta waya, yanzu a wane ɗaki za ta koyar da yaran Kano tun tana da sauran numfashi? Kada ku kira ni a gefe. A nan na yi tambayar, a gaban jama'a, a nan za ku amsa.