Kwalbar da Habu Ya Ce ta Olsa Ce

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan Jidda alhamdulillahi.

Ranar Asabar da safe na shiga ɗakin Habu a unguwar Sa'alaba, na tarar yana kwankwaɗar wata 'yar kwalba mai rubutun Koriya, idonsa jajir. Ya ce maganin olsa ne. Na ɗauki kwalbar na nuna wa tsohon ɗan Koriyan da muke wa dako a sito. Ya yi dariya, ya ce da guntun Larabcinsa, "Wannan na wanda ya kwana shan giya ne, da safe ake sha a wartsake. Abokinka ya fi yaranmu iyawa!"

Na daɗe ina lura, in babba ya miƙo wa Habu shayi, da hannu biyu yake karɓa, ya kau da fuska gefe kafin ya kurɓa. Na zaci kunya ce. Ashe ladabin zaman giyar 'yan Koriya ya koyo.

Kawu, ni na tsaya masa a gabanka, na ce a ba shi 'yarka Rabi. Kwano ɗaya muke ci, ya kalli idona ya yi mini ƙarya. Na janye maganata, shi ke nan. A dakata da sa rana.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a, Rabi kuma a bi ta a hankali. Maganar ɗan Koriyan nan, ba ni kaɗai na ji ba. Malam Isa direba yana tsaye, da Usman ƙanen Habu, wanda ya sunkuyar da kai bai musa ba.

Ɗanka,
Sabi'u