Rigar da Na Bari a Bayan Ƙofa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gwiwar Baba ta yi sauƙi, ƙanena Temuulen kuma ya daina kwana a gadona. Na iso garin Altai lafiya, ni da jakata a baya, ki kwantar da hankalinki.

Da zan shiga bas a Bayanhongor na taka ƙafar wata tsohuwa, Dolgor. Nan take na miƙa mata hannu yadda kika koya min, don kada a ƙulla gaba. Ta riƙe hannun, ta shafa 'yar rigata ta 'yan birni, ta ce, "'Yar nan, da wannan za ki tari iskar hamadar Gobi? Ba ki da uwa ne?"

Na ce, "Ina da ita, Kaka. Kunne ne ba ni da shi."

Da rana tsaka taya ta fashe a fili, ba gida ba bishiya, direba ya sauke mu duka. Sanyin bai taka kara ya karya ba, yatsuna ne dai suka ƙi lanƙwasuwa. Kaka Dolgor ta kwance ɗamara, ta ja ni cikin rigarta ta fatar tunkiya, ta tura min busasshen cuku a baki, tana ta yi min faɗa har aka gama gyara.

Ba zan juyo ba, Inna. Jibi sai garin Hovd, duwatsun can sai na gan su da idona.

Rigar nan taki mai nauyi da na ce ba ta shiga jaka, tana rataye a bayan ƙofa. Ki ba direban motar Hovd ya kawo min. Kada Baba ya ji.

'Yarki,
Tungalag